Yadda Delmer Skogen Ya Tsare Ƙullun Matarsa

A garin Rudvang, can arewacin Dakota inda iska ba ta samun abin da za ta yi karo da shi sai rumbun alkama da hasumiyar coci, babu abin da Delmer Skogen bai sani ba. Shi ya faɗa, kuma ya sha faɗa. Shi ne ya gyara wa makwabcinsa famfo har ruwan zafi ya koma fitowa a bayan gida. Shi ne ya tabbatar wa jama'a ba za a yi sanyi ba, a shekarar da sai da tarakta aka tono motarsa daga cikin ƙanƙara. Shekara talatin da wani abu matarsa Ardis tana bin bayansa tana gyara abin da ya gyara, ba ta taɓa gaya masa ba. Sai ga shi ana cikin shuka ta kwanta ciwo, kafin alkama ta fitar da kai an kai ta makwancinta a bayan coci. Tun daga nan duk abin da Delmer ya gyara, haka yake zama a gyare.

Ardis ta bar suwaita mai ruwan toka rataye a bayan ƙofar kicin, ta bar kofinta mai tsagaggen baki, ta kuma bar wata kwalba mai faɗin baki a cikin firji. A kwalbar akwai tsohon ƙullu mai tsami da ta gada daga mahaifiyarta. Ana ɗiba a kwaɓa burodi, a mayar masa da fulawa da ruwa, ya ci, ya tashi, ya ci gaba da rayuwa. Da safe in ka fito da shi ya sha ɗumi, ka kara kunne, za ka ji kumfarsa tana fashewa a hankali kamar numfashin mai barci. Duk gidan, cikin abin da Ardis ta ciyar da hannunta, shi kaɗai ya rage yana numfashi, in ka cire Delmer da karensa. Yakan watsa masa fulawa in ya tuna, ya mayar firji. Shi ne abu guda da bai gyara ba, shi ya sa yake da rai.

Da aka gama girbi, ƙanwar Ardis, Lavonne, ta taso daga Arizona da motarta. Ko takalmi ba ta cire ba ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Na zo ɗaukar ƙullun mamarmu."

"Ƙullun matata dai," in ji Delmer.

"Yayata ce kafin ta yi kuskuren ganinka. Delmer, kai fa ko furen roba aka ba ka ajiya sai ya bushe."

"Ke da kike zaune inda ko ciyawa ta ƙi zama? Can zafi zai dafa shi tun a hanya."

"Ni na iya burodi. Kai me ka iya?"

Delmer ya gyara tsayuwa. Kowace shekara, a liyafar kaka da ake yi a ɗakin ƙasa na coci, burodin Ardis ne yake hawa teburin farko, wanda ke gindin matakala, ya kuma riga komai ƙarewa.

"Bana ma zai hau teburin nan," ya ce. "Ni zan gasa. Kuma sai ya fi na bara."

Lavonne ta dube shi daga hula zuwa takalmi. "To shi ke nan. In mutane suka ci burodinka, ci na gaske, har da haɗiyewa, na bar maka kwalbar. In ba su ci ba, ta bi ni."

"Ki fara yi mata sallama."

Abin da ya ba shi wannan ƙarfin gwiwar wani shiri ne da ya gani a talabijin a kan masu gashin burodi. Ya ga farkonsa, barci ya kwashe shi a tsakiya, ya farka ana tallan taya. Sauran ya ƙarasa da kansa.

Washegari ya kai labarin teburin gahawa na rumbun ƙungiyar manoma, inda tsofaffin garin ke zama suna zagin farashin alkama. A can ƙarshen tebur akwai Hollis Brekke, likitan dabbobi, mutumin da ya yi shekaru da hannunsa a cikin shanun garin har ya daina mamakin komai.

"Kun san abin da ya sa burodin Ardis ya fi na matanku?" in ji Delmer. "Ba fulawa ba ce. Ba tanda ba ce. DNA ne."

Babu wanda ya tambaye shi, don haka ya yi bayani.

"Duk abin da mutum ya taɓa, yana barin ƙwayar halittarsa a ciki. Shekara talatin tana cusa hannu a kwalbar nan. Ƙullun nan yanzu rabinsa Ardis ce. Ba sai na iya komai ba, ita za ta yi aikin. Nawa kawai in tsare, kada DNA na wani ƙato ya faɗa ya gurɓata ta."

Hollis ya kurɓi gahawa. "Fatar mutum tana zuba a komai, wannan gaskiya ne. Amma ba ta yin komai a ciki, Delmer. Ba ta tsiro, ba ta da ɗanɗano. Wuta ta ƙona wani, ciki ya narkar da sauran. Da DNA na mai girki yana aiki a abinci, da duk wanda ya sha miyar Fasto Engen ya tashi yana wa'azi."

"Kai likitan shanu ne."

"Shi ya sa nake maka bayanin a hankali."

Aka yi dariya. Delmer ya ɗauka da shi ake yi wa Hollis, ya tashi yana murmushin wanda ya ci gardama.

Kafin azahar ya mai da kicin ɗin Ardis wurin da ba a shiga. Ya lilliƙe ƙofa da tef. Ya kori kare zuwa rumfar tarakta. Ya sa farar rigar masu fenti, ya kifa hular masu kiwon zuma mai raga har wuya, ya zura safar hannun nan mai kaiwa kafaɗa da ake sawa in haihuwa ta yi wa saniya gardama. Da Lavonne ta zo duba lafiyar kwalbar, ta taga ya tare ta.

"Tsaya nan. In kina magana yawu yana fita."

"Na ga ka shirya," ta ce. "Kwalbar ce take naƙuda?"

"Ki yi dariyarki. Ranar liyafa za ki ci har da neman ƙari."

"Ina ganin kare ya fi ka fahimtar abin da ke faruwa. Ga shi can yana kallon gidan yana girgiza kai."

Ba Lavonne kaɗai ta gan shi ba. Tsohuwa Gudrun, shugabar matan coci, wadda gidanta ke tsallaken titi, ta hango wani farin abu mai kan raga yana yawo a kicin ɗin marigayiya, ƙofa a liƙe, kare a waje. Ta yanke cewa iskar gas ce ke yoyo, ta kira 'yan kwana-kwana. 'Yan kwana-kwanan Rudvang kuwa ba wasu ba ne, mutanen teburin gahawa ne in sun sa hular ƙarfe. Suka iso da jiniya, suka ɓalle tef ɗin, suka cika kicin da takalma da gumi da tari. Ɗayansu ya bi wari har bakin kwalbar, ya ɗaga murfi, ya zura hanci.

"Ga inda yake fitowa," ya ce. Sai ya yi atishawa.

Delmer ya yi wata ƙara a cikin ragar da ba a taɓa jin irinta ba a garin. Ya fizge kwalbar ya rungume ta, ya shiga korar su da gwiwar hannu.

"Kun zuba mata DNA na mutum goma. Ku fita. Ku daina numfashi, ku fita."

Hollis, wanda shi ma yake cikinsu, ya tsaya a gaban buhun fulawa. Ya ga abin ya isa haka, ya ce bari ya kashe maganar gaba ɗaya.

"Ka dai san fulawar nan ma cike take da DNA, ko?"

Delmer ya juyo. "Na wa?"

"Na alkama mana. Duk abin da ya taɓa yin rai yana da nasa. Alkama, nama, ƙwai, kabeji, dankalin da ka ci jiya. Tun da aka haife ka DNA kake ci safe da yamma, ba ka zama dankali ba, ko da yake ana iya gardama. In lissafinka ake bi, kullum kana zuba mata alkama, ai yanzu ƙullun nan ya fi dangantaka da gonar bayan gari a kan Ardis."

Hollis ya zaci ya gama da shi. Bai san iri ya shuka ba.

"Mene ne ba shi da DNA?" Delmer ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Gishiri. Ruwa. Sukari, kusan. Me ya sa?"

"Ba komai. Ka gaida gida."

Daga ranar ƙullun bai sake ganin fulawa ba. Delmer ya tafasa ruwa ya huce, ya zuba masa sukari da gishiri, yana auna su da cokali kamar mai haɗa magani. Ranar farko ƙullun ya ɗan yi kumfa don ladabi. Daga baya ya kwanta. Wani ruwa mai launin toka ya taru a kansa, warinsa ya koma irin na abin goge fenti.

"Ya mutu?" Lavonne ta tambaya ta taga.

"Tacewa yake yi. Alkamar ce take fita. Abin da zai rage Ardis ce zalla."

"Ardis ba ta taɓa yin wannan warin ba, ko ranar da ta kwashe kashin kaji."

Da ta tafi, ya ɗaga ragar ya kara kunnensa a jikin gilashin. Shiru. Ya daɗe a haka. Irin shirun nan ya san shi, ya taɓa jin sa a wani ɗaki mai farin labule a asibiti, ya kuma gaya wa kowa a lokacin cewa barci take yi, shi ya san barcinta. Ya miƙe, ya ciro suwaitarta daga bayan ƙofa. Har yanzu tana ƙamshin sabulu da kirfa. Ya naɗe kwalbar da ita, ya ɗaure hannayen suwaitar ta gaba, yadda take yi in sanyi ya kama ta.

"Kin ga, ƙarin DNA ke nan," ya ce wa kwalbar. Ya mayar da ragar da sauri, ko da yake babu mai kallo.

Ranar jajiberin liyafa ya tashi da shirin gashi. Burodi ba ya yiwuwa sai da fulawa, wannan ko Delmer ya yarda. Amma ba zai bar alkama ta shiga da DNA ɗinta a raye ba. Ya baza fulawar a faranti ya tura tanda, ya gasa ta har ta yi launin ƙasar gona, hayaƙi ya turnuƙe. Gudrun ta ɗaga waya, ta tuna abin da ya faru, ta ajiye.

Ya juye kusan duk ƙullun a bokiti, ya bar ɗan kaɗan a gindin kwalba. Hannu ba zai taɓa ba, don haka ya ɗauko injin huda katako, ya ɗaura masa ƙarfen dama fenti, ya cusa a bokitin ya danna har ƙarshe. Bokitin ya yi juyi biyu ya tashi. Ƙullu ya hau silin, ya hau fanka, fankar ta rarraba wa bango da agogo da labulen da Ardis ta ɗinka. Delmer ya tsaya a tsakiya yana kallo ta ragar da ta toshe.

"Iska yake sha," ya ce wa Lavonne, wadda ta jawo kujera ta zauna a bakin taga da gahawarta. "Manyan masu gashi duk haka suke yi."

"Ci gaba. Ban taɓa jin daɗin zuwa garin nan irin na bana ba."

Ya kankaro abin da ya kankaru da shebur ɗin kwashe ƙanƙara, ya tara, ya lulluɓe da suwaitar, ya zauna jiran ya tashi. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Ƙullun yana nan kwance kamar an zuba siminti.

"Ba ya tashi," in ji Lavonne.

"Mene ne tashin burodi? Iska ce a ciki. Iska kuwa ina da ita."

Ya shiga rumfar tarakta ya jawo injin hura taya. Ya soka bakin tiyo a tsakiyar ƙullun, ya kunna. Abin mamaki, ƙullun ya tashi. Ya kumbura, ya yi sumul, ya yi zagaye, ya fi duk wanda Ardis ta taɓa yi girma. Delmer ya juyo wajen taga ya buɗe hannuwa.

"Kin gani? Kimiyya ke nan."

Ƙarar fashewar har kare ya ji a rumfa, ya shige ƙarƙashin tarakta.

"Na gani," in ji Lavonne. "Har yanzu ina gani. Ga shi nan yana gangarowa a gilashi."

Abin da ya tsira ya ishi dunƙule huɗu. Delmer ya ɓamɓare su daga jikin suwaitar, gashin ulu ya bi su, ya ce hakan ma alheri ne. Ya tura su tanda, ya ƙara musu lokaci ninki biyu, don kada wani DNA baƙo ya tsira.

Ɗakin ƙasa na coci ya cika tun kafin rana ta faɗi. Ƙamshin talo-talo, dakakken dankali da romo, kabeji mai tsami, kek ɗin kabewa jere a kan teburin bango. A teburin farko kuwa, gindin matakala, ga dunƙule huɗu masu launin bulo, kowanne da ɗan gashi-gashi kamar ɗan tsako. Delmer yana tsaye a bayansu cikin kwat ɗin aurensa, wadda maɓallinta ɗaya kawai ya yarda ya shiga.

Mutanen Rudvang ba sa son a ce sun wulakanta wanda ke cikin makoki. Da ya yi shiru, da sun ɗauka, da sun ɓoye a aljihu sun ce ya yi daɗi, da wataƙila har wani mai ƙarfin hali ya jiƙa a romo ya haɗiye, Lavonne ta koma Arizona hannu wofi. Gudrun ma har ta tsaya da farantinta a gaban teburin. Amma Fasto Engen yana cewa amin, Delmer ya buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, kun san burodin Ardis. Kun zaci ya tafi da ita. To bai tafi ba, don ita ma ba ta tafi ba. Kimiyya ta tabbatar DNA ɗinta yana cikin ƙullun nan, ni kuma na tace shi, na cire duk wani abu da ba ita ba. Abin da ke gabanku Ardis ce tsantsa. Duk wanda ya ci wannan, Ardis ya ci. Ku matso, akwai wadda za ta ishi kowa."

Gudrun ta janye farantinta a hankali ta manna shi a ƙirji. Wata mata ta rufe wa 'yarta kunne.

Fasto Engen ya yi gyaran murya. "Delmer, ɗan'uwa, a cocin nan jiki ɗaya kawai aka ba mu izinin ci, wato gurasar jibin Ubangiji. Shi ma sai ranar Lahadi."

"Ba ku gane ba ne. Hollis, gaya musu."

Hollis ya matso ya sunkuya a kan dunƙule ɗaya, yadda yake duba kofaton doki. "Wannan gashin fa?"

"Na suwaitarta ne. Ƙari ne na yi."

"Ulu ne, Delmer. In ma akwai wata a ciki, tunkiya ce." Ya juya wajen jama'a. "Ku kwantar da hankalinku, babu Ardis a nan. Ban tabbatar akwai burodi ba ma."

Aka kawo wuƙa. Wuƙar ta zame ta yanki rigar tebur. Aka kawo babba, ta yankan talo-talo, ta lanƙwashe. Wani ya ce yana da zarto a cikin a-kori-kurarsa, matarsa ta taka masa ƙafa. Garin turawa da ja, dunƙule ɗaya ya faɗo ƙasa, ya yi ƙara irin ta faɗuwar guduma, ya gangara har gindin fiyano, ko ɓurɓushi bai zubar ba.

Lavonne ta naɗe hannu. "Ci na gaske, mijin yaya. Har da haɗiyewa."

"Tsoro ne kawai yake damun su. Wani suke jira ya fara." Delmer ya ɗauki dunƙule da hannu biyu. "Ku kalli yadda ake yi."

Ya buɗe baki ya gartsa.

An ji wani ɗan sauti, ƙaramin gaske, kamar an taka busasshen kara. Delmer ya tsaya da burodin a baki, idanunsa sun kawo ruwa. Da ya janye shi, sai ga haƙorinsa na gaba tsaye a jikin ɓawon, shi kaɗai, fari, kamar dutsen kabari a fili.

Hollis ya karɓi dunƙulen, ya ɗaga shi wajen fitila, ya juya shi.

"To, wannan kam zan iya sa hannu," ya ce. "Akwai DNA na mutum a ciki."

Mutanen Rudvang ba su iya dariya a coci ba, sai dai su toshe baki da tsumman goge hannu kafaɗunsu su yi ta rawa. Ranar har Fasto sai da ya juya ya fuskanci bango. Delmer ya karɓi haƙorinsa ya sa a aljihun kwat, ya ce dama yana girgiɗi, ya daɗe yana neman yadda zai cire shi. Babu wanda ya haɗiyi ko ƙwaya. Shi ma bai haɗiya ba.

Da safe Lavonne ta zo da mota a shirye. Wannan karon ba ta tsaya a taga ba. Ta yage tef ɗin da ya sake liƙawa ta shiga, ta bi ta kan busasshen ƙullun da ke ƙasa, ta ɗauki kwalbar. Delmer yana zaune a kan kujera, kumatu a kumbure, bai hana ta ba. Ta tsiyaye ruwan tokar a kwatami, ta shinshina abin da ya rage a gindi.

"Bai mutu ba," ta ce. "Amma ka yi iya ƙoƙarinka."

"Ki ɗauka ki tafi."

"Ba zan yi doguwar tafiya da shi da yunwa ba. Tashi ka ba shi abinci, ni na riga na sa kayan tafiya, ba zan ɓata su ba. Fulawa, ɗanya, irin ta mutane. Da ruwa."

Ya miƙa hannu wajen safar.

"Ajiye wannan. Ba saniya ba ce. Da hannunka."

"DNA ɗina zai..."

"Delmer. Ardis ta gaya mini kowace safiya sai ka lakaci ƙullun nan da yatsa ka lasa, in ka zaci ba ta gani. Wani lokaci har ka mayar da yatsan. Shekara talatin. In akwai DNA na wani a kwalbar nan, naka ya fi na kowa yawa."

Ya ɗago. "Ta sani?"

"Ta ce ba ta hana ka ba ne don shi kaɗai ne aikin da kake yi a kicin ba ka fasa komai ba."

Ya naɗe hannun riga. Ya zuba fulawa, ya zuba ruwa, ya cusa hannu har wuyan hannu. Ƙullun yana da sanyi da laushi, yana shiga tsakanin yatsu yana riƙewa, kamar hannun Ardis da yakan shigo aljihunsa a hanyar coci in ƙanƙara ta sauka. Ya yi ta juyawa har bayan ya haɗu. Lavonne ba ta ce ya isa ba, ta juya tana kallon agogon da ƙullu ya rufe wa fuska.

Da ya zare hannun, ta rufe kwalbar ta rungume. Alkawari ne, kuma ya sha kaye. Ya bi ta har bakin mota, hannun a sama kamar mai rauni. Ta zaunar da kwalbar a kujerar gaba, ta ɗaura mata bel. Sannan ta dubi hannunsa, wanda ƙullu ya rufe har zoben aure ba ya ganuwa.

"Hannunka ya yi kaca-kaca."

"Zan wanke."

"Kai ka sani." Ta tayar da mota. "Mamarmu dai da abin da ya maƙale a jikin cokali ta taso da nata daga gidan kakarmu. Ban ce komai ba. Ka je a duba maka bakin nan, kana magana kana fito."

Motar ta bi titin da ya miƙe tsakanin gonakin da aka girbe, ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace. Delmer ya koma kicin. Ya tsaya a gaban famfo, ya ɗora hannun hagu a kai. Bai murɗa ba. Ya ɗauko kofin Ardis mai tsagaggen baki, ya shiga kankare yatsunsa a ciki da bayan cokali, ɗaya bayan ɗaya, har da abin da ya shige ƙarƙashin zoben. Duka bai cika cokali biyu ba. Ya ƙara fulawa da ruwa kaɗan, ya kifa faranti a kai, ya ajiye a bakin taga inda rana ke sauka. Bai kawo injin komai ba. Ya jawo kujera ya zauna.

Sai da ya yi ta ciyar da shi yana jira, har garin ya fara gajiya da labarin haƙorin. Wata safiya ya ɗaga farantin, ya ga ƙwayar kumfa ɗaya a gefe. Tana fashewa wata ta taso.

Ranar ya riga kowa zuwa teburin gahawa.

"Ya tashi," ya ce, iska tana fita ta gurbin haƙorin. "Daga hannuna kawai na taso da shi. Babu kwalba, babu komai. Ka ce DNA ba ya aiki, Hollis. To ga nawa ya yi. Ni dama na san matsalar ba daga wajena take ba."

Hollis ya ajiye kofi. Ya buɗe baki zai gaya masa cewa ƙwayoyin yisti ne masu kumbura burodi, da ke cikin ƙullun tun asali, ba ruwansu da wanda ya haife shi. Sai ya dubi fulawar da ta maƙale a gefen zoben Delmer, ya rufe bakin, ya jawo butar gahawa.

"Kimiyya ke nan," ya ce. "In ƙara maka?"

"A'a." Delmer ya miƙe yana neman hularsa. "Ba zan daɗe ba yau. Akwai mai jiran abinci a gida."